Kwamfutar da Ta Zo da Sukudirebanta

Kwana biyu an ji ni shiru, hidimomi ne suka yi yawa, Ikko kuwa kun san halinta, in ba ka yi sammako ka bi ta ba, ita za ta bi ta kanka. Cikin 'yan uwa akwai waɗanda suka daɗe suna tambayata labarin kwamfutar nan da suke ganina da ita, wai ina na samo ta, nawa na saya, kuma ko ina ba da shawarar su ma su nemi irinta. Maimakon in riƙa amsa wa mutane ɗai-ɗai, na ga gara in zauna in zayyana labarin gaba ɗaya, da daɗinsa da rashin daɗinsa, kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Ga wanda bai sani ba, sana'ata a nan Agege ita ce riƙe lissafi. Ina rubuta wa wasu 'yan kasuwarmu masu sauke albasa da tumatir a Mile 12 abin da ya shigo da abin da ya fita: kuɗin mota, kuɗin lodi, la'ada, bashin da ke kan wane da wanda aka biya. Da dare kuma ni ne mai buga takardun ƙungiyarmu ta 'yan gari. Ka ga ke nan kwamfuta a wurina ba kayan ado ba ce, ita ce gonar, ita ce fartanyar. Ran da ta kwanta, abincin gidana ya kwanta.

To, a watan Agustan 2024 ta kwanta ɗin. Wata siririya ce mai kyan gani, shekararta uku a hannuna, ba sai na faɗi kamfanin da ya ƙera ta ba. Na kai ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wajen wani Bayerabe abokina da ke gyara a layin Otigba, mutumin da na sani fiye da shekara goma. Ya sha fama kafin ya buɗe ta, domin batirin da gam aka manne shi. Ya auna nan, ya auna can, sannan ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, RAM ne ya mutu. Da irin ta da ce, minti biyar na zare na sa maka wani. Amma wannan da dalma aka like shi a jikin fanel, sai dai a canza fanel ɗin gaba ɗaya." Da ya faɗi kuɗin fanel, sai na ga saura kaɗan ya kai kuɗin wata kwamfutar 'yar gwanjo. Allah Ya taimake ni duk ranar Juma'a nakan kwafe lissafin mutane a filashi, don haka amanar jama'a ba ta salwanta ba. Amma sikirin lafiyayye, allon rubutu lafiyayye, komai lafiyayye, duk sun zama bola saboda wani ɗan abu da bai fi farcen babban yatsa ba.

Abin ya tsaya mini a rai, kuma na san dalili. Mu da muka tashi a Arewa a shekarun 1980 ba haka muka ga ana mu'amala da kaya ba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana da Fijo 504 irin wadda ake harhaɗawa a Kaduna, ta yi fiye da shekara ashirin a hannunsa. Babu wani abu a jikin motar nan da bakanike bai taɓa kwancewa ba, in an rasa sabo a je Panteka a samo na hannu, in an rasa na hannu maƙeri ya ƙera. Haka keken ɗinkin mahaifiyata, haka rediyon kakana. A lokacin, in ka sayi abu ka mallake shi ne ciki da waje. Yanzu kuwa sai ka ba da kuɗinka cas, a miƙo maka abu a rufe ruf, kamar haya aka ba ka, ranar da ya gaji kuma a ce ka jefar ka sake sayen wani.

Ina cikin wannan jimami ne na kira ɗan yayata da ke karatu a Ingila, muna gaisawa na ba shi labari. Sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai akwai wadda aka yi domin irinku masu son kwance-kwance." Shi ya fara gaya mini sunan Framework. Na shiga intanet na yi ta bincike har tsawon mako biyu, ga kuma taƙaitaccen abin da na gano. Kamfani ne ƙarami a San Faransisko ta Amurka, wanda wani injiniya mai suna Nirav Patel ya kafa bayan ya yi aiki a Apple da Oculus. A 2021 suka fitar da kwamfutarsu ta farko mai sikirin inci 13.5, nauyinta kilo 1.3. Manufarsu ita ce duk abin da ke jikinta mai ita ya iya cirewa ya canza da hannunsa: batir, sikirin, allon rubutu, lasifika, fanka, har shi kansa fanel ɗin da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar. Masu shafin iFixit, waɗanda aikinsu shi ne farke na'urori su ba su maki gwargwadon sauƙin gyaransu, sun ba ta 10 bisa 10. Abin da ya fi burge ni shi ne, wanda ya sayi ta 2021 zai iya sayen fanel ɗin da aka fitar a 2022 ko 2023 ko bayan nan ya sa a cikin gangar jikin da yake da ita, ya zauna daram.

Sai maganar kuɗi, a nan ne gizo ke saƙa. Mai karatu zai tuna cewa a watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ita kuwa kwamfutar, ko da tsurarta ba RAM ba ma'adana, ta haura dala 800. Da na haɗa komai na buga lissafi, sai na ga abin ya wuce naira miliyan ɗaya da rabi. Kuɗin da nake da su a ajiye kuwa na rufin ɗakuna biyu ne da na tayar a gida, waɗanda damina biyu ke nan suna tsaye ba kwano. Duk ɗan kurmi ya san abin da ɗakin nan yake nufi. Shi ne shaidar cewa zaman da kake yi a nan ba na banza ba ne, kuma wata rana za ka koma.

Uwargida ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Ta ce, "Malam, da kuɗin nan za ka sayi 'yan gwanjo uku a Ikeja, ka sayi kwano da canji. In ɗaya ta mutu ka ɗauko ɗaya." Maganarta gaskiya ce, ban kuma yi mata musu ba. Abin da na ce mata shi ne, a shekara goma sha ɗaya wannan ce kwamfuta ta huɗu da ta mutu a hannuna, kuma kowace a kan abu ɗaya tak ta mutu, sauran jikin lafiya lau. Na ɗauko takarda na jera mata kuɗin da huɗun suka ci. Ta duba ta yi shiru, can ta ce, "To Allah Ya sa alheri. Amma in ta lalace ka gyara da hannunka ina kallo." Muka yi sharaɗi a kan haka. Ɗaki ɗaya aka rufa a shekarar, ɗayan ya ƙara damina.

A lokacin kamfanin ba ya aikawa da kaya Najeriya, don haka ɗan yayata ne ya saya a can, ya riƙo mini da ya zo hutu a Disambar 2024. Iri biyu suke sayarwa, akwai haɗaɗɗiya, akwai kuma wadda kai za ka ƙarasa haɗawa, ita ce mai rangwame, ita na zaɓa. Na ɗauki mai ƙwaƙwalwar AMD Ryzen 5, samfurin 2023, domin aikina bai wuce jadawalin lissafi da buga takardu ba. Na ce kada ya sayo RAM da ma'adana a can, tunda waɗannan ba na kamfanin kaɗai ba ne, irin na kowa da kowa ne. RAM ɗin DDR5 ne, ma'adanar kuma SSD ce irin doguwar nan mai kama da sandar cingam, duka na same su a Ikeja. Gurbin RAM biyu ne, na cike ɗaya da mai gigabait 16, na bar ɗayan sai hali ya yi.

Ranar haɗawa falonmu ya cika, har maƙwabta sun leƙo. Da na buɗe kwali, abin da na fara cin karo da shi sukudireba ne. Wallahi sai da na tsaya na ɗan juya shi a hannu. Tunda nake sayen kayan lantarki ban taɓa ganin wanda mai shi ya haɗo maka da abin kwance shi ba, galibi ma takarda ake mannawa a kan noti cewa in ka taɓa babu ruwansu. Noti biyar ne a ƙasanta, kuma an yi su yadda ko ka kwance ba za su faɗo su ɓace ba. Kowane abu a ciki an rubuta sunansa, da ɗan tambarin nan mai murabba'i da za ka haska da waya ya kai ka ga bayanin yadda ake cire shi. Na tura RAM ya ce ƙas, na kwantar da ma'adana na ɗaure notinta ɗaya, na jona igiyar allon rubutu, na kifa shi, na ɗaure noti biyar ɗin. Firam ɗin da ya kewaye sikirin ko noti ba ya buƙata, maganaɗisu ke riƙe shi, kuma launi-launi ne, uwargida ce ta zaɓi kore. Da na danna makunni sai sikirin ya yi baƙi ƙirin ya ƙi cewa komai. Falo ya yi tsit, na ji idon uwargida a ƙeyata. Na riga na karanta cewa a kunnawar farko injin yakan ɗauki minti ɗaya ko biyu yana gwada RAM, amma karantawa daban, zama a gaban miliyan ɗaya da rabi tana kallonka ba ta motsi daban. Can sai tambari ya bayyana, yara suka sa ihu. Duka-duka aikin bai kai rabin awa ba.

Yanzu bari in faɗi yadda na tsara ta daidai da zamana. A gefenta akwai gurabe huɗu, biyu dama biyu hagu, inda ake zura wasu 'yan katuna da ba su kai kwalin ashana ba. Kowane kati ƙofa ce: wannan na USB-C, wannan na USB-A irin na filashi, wannan na HDMI, wannan na katin waya, da sauransu. Kai za ka zaɓi ƙofofin da kake so da gefen da kake son su. Na sayi shida ina juya su. Ranar kasuwa nakan sa na filashi biyu, domin dillalanmu har yau a filashi suke kawo takardu. Ranar taron ƙungiya in zare ɗaya in sa na HDMI saboda majigi. Hikimar da ke ciki ta wuce kwalliya. Duk mai gyara zai gaya maka bakin caji na cikin abubuwan da suka fi saurin lalacewa, saboda sa-da-cirewa. A wasu kwamfutoci in ya lalace sai an kai ga fanel da dalma. A nan kuwa katin ne zai ci wahalar, in ya gaji ka zare ka sa wani, dala 9 ne kuɗinsa a lokacin da na saya. Tunda kuma da USB-C take caji, na sayi babban fawabank mai ƙarfin ɗaukar kwamfuta, in an ɗauke wuta ba sai na tayar da janareta saboda lissafin buhu arba'in ba.

Babbar manhaja ba ta zo da ita ba, wanda ya zaɓi irin tawa shi zai sa abin da yake so. Na sa Ubuntu, wadda kyauta ce, kuma tana cikin waɗanda kamfanin ya gwada ya tabbatar suna tafiya daidai a kanta. Sai abin da ya fi faranta mini rai, wato haruffanmu masu ƙugiya. Shekara da shekaru ina buga takardun ƙungiya babu su, "ƙasa" da "kasa" duk ɗaya, sai mai karatu ya yi canki. Na zauna na tsara allon rubutun yadda in na danne maɓalli ɗaya na haɗa da k sai ƙ ta fito, haka ɗ, haka ɓ, na kuma manna musu 'yan alamu don yara su koya. Wannan kam ana iya yin sa a kowace kwamfuta, Windows ma tana da tsarin Hausa a cikinta. Sai dai mutum in ya haɗa abu da hannunsa, tsoron taɓa shi yakan fita daga ransa, sai ya fara tambayar me kuma zan iya gyarawa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Gwajin ya zo a azumin 2025, ana gab da shan ruwa, autarmu ta taho da gudu ta yi karo da tebur, kofin kunun gyaɗa ya kife a kan allon rubutu. Na yi maza na kashe, na kwance noti biyar ɗin, na ɗage allon, na zare igiyar batir. Alhamdu lillahi kunun bai kai ga fanel ba, amma layi biyu na haruffa sun tafi. Uwargida tana tsaye tana kallo kamar yadda muka yi sharaɗi. Washegari na shiga Ikeja, na zaga layi-layi, babu wanda ya taɓa ganin irin allon, balle ya ajiye. Abokina mai gyara ya jujjuya kwamfutar yana sha'awa, ya kira yaransa su zo su ga yadda ake ƙera abu, sannan ya ce, "Alhaji, wannan ko makaho zai gyara ta. Amma da me?" Dole na sayi allon rubutu na tebur mai igiya na riƙa yawo da shi a jaka kamar mai tallan kaya. Sabon bai iso ba sai gab da Babbar Sallah, da aka samu mai tahowa daga Ingila. Sa shi kuwa minti goma bai cika ba.

A nan ne na fahimci abin da nake so mai karatu ya riƙe. Sauƙin gyara ƙafa biyu gare shi. Ɗaya ita ce yadda aka ƙera abin, ɗayar kuma ita ce kusancinka da kayan gyaransa. Fijon mahaifina ba don kyan ƙira kaɗai ta daɗe ba, ta daɗe ne don akwai Panteka. Tawa kwamfutar ta fi kowace sauƙin buɗewa, amma Pantekarta tana bayan teku. Abin da ya zama na kowa a jikinta, wato RAM da ma'adana da caja, a nan nake samu. Na ma cike gurbin RAM na biyu a tsakiyar 2025, kafin farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a duniya a ƙarshen shekarar. Amma abin da ya zama nata ita kaɗai, sai na jira mai zuwa.

Akwai kuma wani ɓangare da mu 'yan Arewa mazauna Ikko bai kamata mu kau da kai daga gare shi ba. Wa ke kwashe matattun na'urorin garin nan? Yaranmu ne 'yan bola, masu tura kura lungu-lungu. Su ke farfasa su, su ƙona wayoyi don su fitar da jan ƙarfe, su shaƙi hayaƙin da babu mai gaya musu illarsa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an sake sarrafawa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A wasu ƙasashe hukuma ta fara sa baki. Tun 2021 Faransa ta wajabta a riƙa nuna makin sauƙin gyara a kan wasu kayayyaki, ciki har da kwamfutar tafi-da-gidanka, a 2024 kuma Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin gyara. Mu da muke sayen abin da suka gama amfani da shi, abin da ke hannunmu shi ne mu san abin da muke saya.

Saboda haka ga shawarata ga masu tambaya. In kana da hali, kana kuma da ɗan uwa mai zuwa da komowa daga inda ake sayar da ita, kuma kana da haƙurin jira, Framework abin saya ce, ni dai tana yi mini aiki yadda nake so. In za ka saya, ka haɗo da abin da ka san zai iya lalacewa tun a tafiyar farko, ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa ba ka da wannan hanya, kada ka takura kanka. Shiga Ikeja ka nemi 'yar gwanjo irin ta ma'aikatu, misali ThinkPad T480 ta 2018, wadda ke da gurbin RAM biyu da batirin waje da ake zarewa da hannu, kayanta kuma ba sa wuyar samu a kasuwar. Kafin ka biya, ka sa a buɗe ta a gabanka, ka yi tambaya uku: RAM ɗin zarewa ake yi ko a like yake? Ma'adanar tana fita? Batirin da noti aka ɗaure shi ko da gam? Ka kuma tuna cewa tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta rufe tallafin yau da kullum na Windows 10, Windows 11 kuwa galibi ba ta karɓar ƙwaƙwalwar Intel da ta gaza zubi na takwas. Kada a sayar maka da wadda aka riga aka wuce, sai fa in ka shirya sa mata Linux. Siririn jiki da ƙyalli kada su ruɗe ka, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ni kam niyyata, in Allah Ya kai mu lokacin da wannan fanel zai yi wa aikina kaɗan, in sayi sabo in sa a jikin da nake da shi. Tsohon kuma ba bola zai tafi ba, domin akwai ɗan akwati da ake sayarwa na musamman da ake sa shi a ciki, a jona masa sikirin da allon rubutu ya zama kwamfutar tebur. Na riga na yi wa makarantar Islamiyyar unguwarmu ta gida alkawarinsa, su riƙa buga jarrabawa da shi. Wanda ke da ƙarin bayani ko gyara, musamman 'yan uwa masu sana'ar gyara a Ikeja da Alaba da Fatakwal, ƙofa a buɗe take. Allah Ya sa albarka a cikin abin da muke nema, Ya maishe mu gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa.